Shanu Biyu, Karkiya Ɗaya: Bayani a Kan Haɗa Injinan Lantarki Biyu a Sanda Guda Yayin Sauya Abin Hawa Daga Fetur Zuwa Lantarki

Tsakure

Tun bayan cire tallafin man fetur a Nijeriya a shekarar 2023, batun sauya ababen hawa daga fetur zuwa lantarki ya samu karɓuwa a Arewacin ƙasar. Dabarar da ke saurin zuwa zuciyar bakanike idan bai samu babban inji ba ita ce ya haɗa ƙanana guda biyu su riƙa juya sanda ɗaya. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda wannan haɗi yake aiki, tare da la'akari da yanayin ƙasar Maruta da kewayenta a kudancin Jihar Jigawa. Maƙalar ta nuna cewa sanda tana tilasta wa injinan biyu gudu ɗaya, amma ba ta tilasta musu raba nauyi daidai, kuma a nan ne nasara ko asarar aikin take. Haka kuma ta gabatar da wasu keɓaɓɓun kalmomi da za su ba da damar koyar da wannan fanni da Hausa.

Fitilun Kalmomi: majuyi, sanda, murɗi, rabon nauyi, keɓaɓɓun kalmomi

1.0 Gabatarwa

A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai kusan naira 500, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuma ta haura naira 1,000. Garuruwa irin su Maruta, wadda mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Gwaram, sun ji wannan sauyi a jikinsu, domin da babur da a-daidaita-sahu da ƙananan motoci ake kai amfanin gona kasuwar Sara, da su ne kuma ake kai marar lafiya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Duk abin da ya hau kan fetur, a ƙarshe kan manomi da majinyaci yake sauka.

Tunanin komawa lantarki ya girmi cire tallafin. A shekarar 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ƙarƙashin jagorancin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri kuma, Mustapha Abubakar Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables sun yi fice wajen cire injin fetur daga ƙananan bas-bas suna maye gurbinsa da na lantarki. Irin wannan aiki na sauyi ne ya fi kusa da ƙarfin talaka, domin gangar jikin abin hawan tana nan, zuciyar kawai ake musanyawa.

Sai dai bakaniken karkara ba ya zaɓen kayan aiki yadda yake so, abin da kasuwa ta kawo shi yake saya. Ƙananan injinan lantarki sun fi manya sauƙin samu da sauƙin kuɗi, don haka tambayar da za ta taso ita ce: idan ɗaya bai isa ba, me zai hana a haɗa biyu? Amsar wannan tambaya ce manufar maƙalar. An ɗauki shanun huɗa a matsayin madubin bayani, saboda tun da aka shigo da garmar shanu Arewacin Nijeriya a shekarun 1920, manomin Hausa yake da cikakken sani a kan abin da ke faruwa idan aka ɗaura ƙarfi biyu a kan aiki ɗaya.

2.0 Keɓaɓɓun Kalmomi

Matsalar farko ta harshe ce. Kalmar Ingilishi da ke nufin na'urar da ke mayar da lantarki zuwa juyi ita ce Hausa ta ara tun tuni ta mayar da ita "mota", ta kuma keɓe ta ga abin hawa. Wanda ya ce zai sa mota biyu a cikin mota ɗaya ya rikita mai sauraro. "Injin wuta" kuwa janareta yake nufi a bakin jama'a, wato na'urar da ke yin kishiyar wannan aiki. Aikin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a shekarar 1990 a kan keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa ya nuna cewa harshen yana iya ƙirƙirar kalmomin fanni daga cikin gidansa. A kan wannan turba maƙalar ta zaɓi waɗannan:

Majuyi, jam'i majuyai: na'urar da ke karɓar lantarki ta ba da juyi. An gina kalmar a kan tsarin sunan kayan aiki, kamar mabuɗi da mabuɗai.

Sanda: ƙarfen da ke fitowa daga cikin majuyi yana juyawa, wanda bakanikai ke kira shaf.

Murɗi: ƙarfin da sanda ke juyawa da shi. Ya bambanta da saurin juyi, wanda ake ƙirgawa da yawan juyi a minti.

Matsi da kwarara: matsi shi ne abin da ake aunawa da bolt, kwarara kuma da amfiya. Turjiya ita ce tsayayyar da waya ke yi wa kwarara, ana auna ta da om.

Martani: matsin da majuyi da kansa yake haifarwa idan yana juyawa, wanda ke tunkuɗe matsin batir.

Masarrafi: akwatin da ke tsakanin batir da majuyi, mai karɓar umarnin totur yana ƙayyade wutar da za ta wuce.

3.0 Dalilin Haɗa Majuyai Biyu

Yankin Gwaram, musamman wajen Fagam da Farin Dutse, ƙasa ce mai duwatsu da hawa da sauka, hanyoyin ƙauyukanta da yawa kuma na burji ne. A ɗauki misalin a-daidaita-sahu da nauyinta da lodinta suka kai kilo 800, tana hawan gangaren da ke tashi mita 10 a cikin kowace mita 100. Domin ta rinjayi nauyinta tana buƙatar turi na kimanin niyuton 780, domin ta rinjayi jan da burji ke yi wa taya kuma a ƙiyasta ƙarin niyuton 240. Idan ana so ta yi tafiyar kilomita 20 a awa, ƙarfin da ake buƙata a taya ya kai kilowat 5.7, idan aka haɗa da asarar da ake yi a giya da waya sai ya tasam ma kilowat 7. Majuyi mai kilowat 4 zai iya jure wannan na ɗan lokaci, amma ba zai jure dogon hawa ba. Guda biyu kuwa, kowanne zai ɗauki kilowat 3.5, abin da bai wuce ƙarfinsa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Babbar riba tana wajen zafi. Zafin da naɗin waya ke fitarwa yana tafiya ne da kwarara sau kanta, sau turjiya. Majuyi mai turjiyar om 0.05 da ke ɗaukar amfiya 100 zai fitar da zafin wat 500. Idan aka raba wannan kwarara gida biyu daidai, kowane majuyi zai fitar da wat 125 kacal. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Jigawa, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka ƙayyade wa rufin waya yana rage rabin tsawon ransa.

4.0 Dokar Karkiya

Idan aka ɗaura shanu biyu a karkiya, dole su yi tafiya ɗaya. Ba dole ba ne su yi ja ɗaya. Manomi ya san sa mai ha'inci, wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa alhali ya sakar masa nauyin garma. Haka abin yake a majuyai. Da zarar an ɗaure su a sanda guda, saurin juyinsu ya zama ɗaya, babu wanda zai wuce wani ko da juyi guda. Murɗinsu ne ke haɗuwa, kuma babu abin da ke cikin sandar da zai sa kowanne ya kawo rabi.

A nan kwatancen yake da iyaka, kuma iyakar ce ke bayyana haɗarin. Idan sa ya yi ha'inci karkiya tana karkacewa, kunya ta fita a karkace, mai huɗa ya gani ya tsawata. Sandar ƙarfe ba ta karkacewa. Abin hawa zai ci gaba da tafiya lafiya lau, direba bai san cewa majuyi ɗaya ne ke ɗauke da kashi 70 cikin 100 na aikin ba. A lissafin da ya gabata, rabon amfiya 70 da 30 yana nufin ɗaya yana fitar da zafin wat 245, ɗayan kuma wat 45. Na farkon yana ɗaukar kusan ninkin zafin da ya kamata, kuma sanarwar farko da zai bayar ita ce ƙaurin ƙonewar kwayil. Saboda haka duk fasahar wannan haɗi ta taru ne a kan tambaya guda: me zai tilasta rabon adalci? Amsar ta danganta da irin majuyin.

5.0 Hanyoyin Haɗa Waya

5.1 Majuyi Mai Burushi

Wannan shi ne tsohon nau'i mai aiki da wutar batir kai tsaye, irin na kik ɗin mota. Murɗinsa yana bin kwararar da ke ratsa shi. Ana iya haɗa biyu ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce haɗin jere, inda wuta ke shiga na farko, ta fita ta shiga na biyu, sannan ta koma batir. Tunda hanyar ɗaya ce, kwararar da ta ratsa wannan ita ce ta ratsa wancan, don haka majuyai iri ɗaya za su ba da murɗi kusan daidai ba tare da wata dabara ba. Abin da suke rabawa shi ne matsi: a batir mai bolt 72 kowanne zai samu kimanin 36, saboda haka gudunsu ba zai yi nisa ba.

Hanya ta biyu ita ce haɗin kafaɗa, inda kowanne ke shan wuta kai tsaye daga tushe. Kowanne yana samun cikakken matsi, gudu ya ƙaru, amma rabon kwarara ya koma hannun martani. A ce matsin tushe bolt 72 ne, turjiyar kowanne om 0.05. Idan martanin na farko bolt 68 ne, ragowar bolt 4 za ta tura amfiya 80. Idan na biyu maganaɗisunsa ya ɗan fi ƙarfi har martaninsa ya kai bolt 70, ragowar bolt 2 amfiya 40 kawai za ta tura. Bambancin da bai wuce kashi 3 cikin 100 ba ya sa ɗaya yana shan ninkin wutar ɗayan. Abin lura shi ne, mai ƙarfin maganaɗisun ne ke hutawa, raunanan ne ke shan wahala. Idan tazarar ta yi yawa har martanin ɗaya ya wuce matsin tushe, sai ya rikiɗe ya zama janareta, ya koma yi wa ɗan'uwansa burki.

Wannan matsala ta fi tsanani a majuyai masu maganaɗisu na dindindin. Waɗanda maganaɗisunsu na naɗin waya ne da ke jere da cikin majuyin suna da gyaran kai: idan kwarara ta ƙaru a ɗaya, maganaɗisunsa ya ƙara ƙarfi, martaninsa ya tashi, kwararar ta ja da baya. Wannan hali ne ya sa aka daɗe ana amfani da su a jiragen ƙasa. Taragon titi masu lantarki da Frank Sprague ya kafa a birnin Richmond na Amurka a shekarar 1888 majuyi biyu kowanne yake ɗauke da su, kuma kafin ƙarshen wannan ƙarni dabarar tashi da haɗin jere sannan a koma haɗin kafaɗa ta zama ruwan dare a irin waɗannan taragu. Dabarar tamkar giya biyu ce ta lantarki, ta farko don ja, ta biyu don gudu. Masu sauya motoci sun gaje ta. Fitaccen misali shi ne White Zombie, wata Datsun 1200 ƙirar 1972 da John Wayland na birnin Portland ya mayar ta lantarki, inda aka harhaɗa majuyai biyu a sanda guda, ta kuma yi suna a tseren gajeren zango.

5.2 Majuyin Indakshan

Shi ne nau'in da aka saba gani a injin niƙa mai aiki da wutar layi. A cikinsa maganaɗisu ne ke zagayawa, sanda tana bin sa a baya da 'yar tazara da za a iya kira zamiya. A wutar Nijeriya mai kai-komo 50 a daƙiƙa, maganaɗisun majuyi mai kusurwa huɗu yana juyi 1,500 a minti, sandar kuma kimanin 1,440 idan ta ɗauki cikakken nauyi. Gwargwadon zamiya, gwargwadon murɗi. Wannan sassauci yana ba da damar masarrafi ɗaya ya ciyar da majuyai biyu, muddin zamiyarsu ɗaya ce. Idan aka haɗa mai 1,440 da mai 1,470, sandar kuma ta daidaita a 1,455, na farko zai ɗauki kimanin kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, na biyu kuma ninki ɗaya da rabi na nasa. Don haka karanta farantin da ke jikin majuyi wajibi ne kafin saye, daidaiton kilowat kaɗai bai wadatar ba.

5.3 Majuyi Marar Burushi

Wannan nau'i ne ya fi yawa a babura da kekunan lantarki na wannan zamani. Ba shi da zamiya ko kaɗan. Masarrafinsa yana karanta matsayin maganaɗisu ta wasu ƙananan na'urorin ji, ya aika wuta ga naɗin da ya dace a daidai lokacin da ya dace. Idan aka jona majuyai biyu a masarrafi ɗaya, lokacin da ya dace da na farko ba zai dace da na biyu ba, sai fa idan an saita maganaɗisunsu a kusurwa guda ba tare da kuskure ba, abin da ke da wuya a garejin da ba shi da kayan awo. Hanyar da ta fi aminci ita ce kowane majuyi da masarrafinsa, totur ɗaya yana umartar su.

Ko a nan akwai tarko. Masarrafi yana iya aiki da umarnin gudu, yana kuma iya aiki da umarnin murɗi. Idan duka biyun aka saita su a kan gudu, ɗaya yana neman juyi 3,000 ɗayan kuma 2,980 saboda ɗan saɓanin awo, na farko zai yi ta ƙara wuta, na biyu ya yi ta ragewa, wani lokaci har ya koma riƙewa. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Mafita ita ce a saita su duka a kan murɗi, ko a bar ɗaya ya ja ragamar gudu, ɗayan ya riƙa kwaikwayon kwararar da jagoran ke sha.

6.0 Haɗin Ƙarfe

Ko waya ta yi daidai, ƙarfe yana iya ɓata aikin. Abu na farko shi ne saiti. Idan sandunan biyu ba su miƙe a layi ɗaya ba, boris zai riƙa shan duka a kowane juyi har ya mutu. Walda kai tsaye ba ta yafe kuskure, shi ya sa ake sa mahaɗi mai roba a tsakani domin ya shanye ɗan saɓani da girgiza. Abu na biyu, sandar majuyin da ke kusa da giya ita ce ke ɗaukar murɗin duka biyun, alhali maƙerinta don ɗaya ya yi ta. Abu na uku ya shafi fuska: idan aka sa majuyai biyu suna kallon juna, dole ɗaya ya juya saɓanin yadda ya saba, kuma wasu masu burushi an karkata burushinsu ne don juyi ta fuska ɗaya. Rashin gyara wannan yana kawo tartsatsi da rashin daidaiton rabo. Idan wuri bai ba da damar jera su ba, ana iya ajiye su gefe da gefe a haɗa su da sarƙa ko bel mai haƙora. Bel marar haƙora yana sulɓewa, rabo ya lalace.

Akwai haɗari guda da ya keɓanta da haɗin jere. Idan mahaɗi ya karye ko sarƙa ta tsinke, majuyin da ya kuɓuta daga nauyi zai kwashe kusan dukkan matsin, ya yi ta ƙara gudu, kuma nau'in mai naɗin jere yana iya yin gudun da zai tarwatsa cikinsa. Fiyus da makashin gaggawa kusa da hannun direba suna cikin ginshiƙan aikin.

7.0 Iyakar Dabarar

Majuyi na biyu yana ƙara ja, amma ba ya ƙara zango, domin a batir guzurin tafiya yake. Batir mai bolt 72 da amfiya-awa 100 yana riƙe da kilowat-awa 7.2, ko majuyi ɗaya ne ke sha ko biyu. A hawan da aka yi misali da shi za a riƙa jan kusan amfiya 100, don haka dole batir da wayoyinsa su iya ba da wannan ba tare da zafi ba. A yankin da wutar kamfanin KEDCO ba ta wadata ba, samar da wurin caji mai hasken rana yana iya fin sayen majuyi na biyu muhimmanci.

Haka kuma sanda guda ba ita ce kaɗai hanyar amfani da majuyai biyu ba. Motar Tesla Model S mai majuyi biyu da aka gabatar a shekarar 2014 ɗaya ta sa a ƙafafun gaba, ɗaya a na baya. Toyota Prius, tun fitowarta a 1997, ta hanyar giya take haɗa nata. Ga bakaniken karkara kuwa, sau da yawa barin giyar asali a jikin abin hawa ya isa ya sa majuyi ɗaya ya hau gangare, ko da a hankali ne. Idan kuma babban majuyi ɗaya yana samuwa a farashin da bai wuce na ƙanana biyu da masarrafansu ba, shi ya fi, saboda kowane ƙarin mahaɗi ƙarin wurin lalacewa ne. Fa'idar da biyu suka fi ɗaya da ita ita ce, idan kowanne da masarrafinsa, mutuwar ɗaya ba lallai ta kwanar da direba a daji ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana cewa haɗa majuyai biyu a sanda guda dabara ce mai tushe a tarihin injiniyanci, kuma tana iya amfanar masu sauya ababen hawa a wurare irin su Maruta, bisa sharuɗɗa huɗu: majuyan su kasance iri ɗaya ƙirar gida ɗaya, a zaɓi haɗin waya da ya dace da nau'insu, a saita sandunan a layi ɗaya da mahaɗi mai sassauci, sannan a sa wa kowanne ma'aunin amfiya nasa domin ha'incin da ido ba ya gani ya fito fili. Ta fuskar harshe kuma, an ga cewa kalmomi irin su majuyi da murɗi da martani da zamiya suna iya ɗaukar bayanin da ake zaton sai da Ingilishi. Yawancin masu koyon kanikanci a Birnin Kudu da Gwaram da Hausa suke karɓar darasi daga iyayen gidansu. Ya rage ga sassan nazarin Hausa da na injiniyanci a jami'o'i su zauna tare, su gwada waɗannan kalmomi a bakin masu sana'ar, su tace waɗanda suka karɓu, kafin kayan lantarki su cika garejin karkara da sunayen da mai aiki da su bai san ma'anarsu ba.